Hedifon na elektirostatik: ka sayi cikakken saiti, ko ka haɗa da kanka?

Hedifon da muka saba da shi, daga na dubu biyar a kasuwa har zuwa mai tsada, mayen ƙarfe ne da naɗin waya suke motsa tantanin da ke fitar da sauti. Na elektirostatik ba haka yake ba. Tantaninsa siririn leda ne da bai kai kaurin gashin kai ba, an rataye shi tsakanin faranti biyu masu huji-huji. Ana ɗora wa tantanin cajin lantarki na ɗaruruwan bolt, sannan sautin ya zo ta farantan, ɗaya ya ja ɗaya ya tura. Tunda tantanin ba shi da nauyin kirki, yana tashi ya tsaya nan take, shi ya sa ake jin numfashin mawaƙi da gogar yatsa a kan tsirkiya tas, abubuwan da wani hedifon yake haɗiyewa. Sai dai ba a cusa shi a waya ko kwamfuta ya yi magana. Dole sai da amfilifaya tasa ta musamman, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Daga nan ne maganar cikakken saiti ta taso: kamfani ɗaya ya ƙera hedifon, da amfilifaya, wani lokaci har da DAC, wato abin da ke juya lambobin dijital su koma sauti, ya sayar maka da su a dunƙule.

Abin da nake so mai niyyar saye ya fara dubawa, kafin farashi, kafin ma sauti, shi ne bakin fulogin. Shi zai faɗa maka ko ka shiga gidan da za ka iya sauya kaya a ciki, ko kuwa gidan da aka gama shi da kujerunsa an kafe su a ƙasa.

A ɓangaren rufaffun saiti, wato waɗanda ba sa haɗuwa da kayan wani kamfani, Sennheiser HE 1 na Jamus shi ne sarki, kuma ya gaji suna. A 1991 kamfanin ya fitar da Orpheus, guda 300 kacal, har yau masu tara kayan sauti suna farautarsa. HE 1 ya fito a 2015 a kan kusan dala dubu 55. Gangar jikin amfilifayar dutsen mabul ne na Carrara a Italiya, da kwalaben bawul guda 8 irin na tsofaffin rediyo, waɗanda suke ɗagowa daga cikin dutsen idan an kunna, maɓallan ma su fito. Wannan ado ne, kuma ban raina ado ba, amma abin da ya fi burge ni yana cikin kunnuwan. Sennheiser ta sanya matakin ƙarshe na ƙara ƙarfin lantarki a cikin kofunan hedifon ɗin kansu, don kada babban bolt ya yi doguwar tafiya a waya ya yi asara. Dabara ce ta gaske. Ita ce kuma ta ɗaure ka: wannan hedifon ba ya aiki da amfilifayar kowa, amfilifayar ba ta tuƙa na wani kamfani. DAC ɗin da ke ciki na zamanin fitowarsa ne, ko da yake akwai ƙofofin da za ka shigo da sautin wani DAC daga waje. A tuna kuma cewa Sennheiser ta sayar da sashenta na kayan sauraron jama'a ga Sonova ta Switzerland a 2021, don haka wanda zai zuba irin wannan kuɗi ya tambayi dillali a rubuce wa zai gyara, a ina, kuma har zuwa yaushe.

Warwick Acoustics ta Ingila ita ce ta ɗauki kalmar "komai a wuri ɗaya" da gaske fiye da kowa. Ta fara da Sonoma Model One a kan dala dubu 5, sannan Aperio a 2019 a kan sama da dala dubu 20, sai Bravura a 2021 wanda ya gaji Sonoma. Bambancin biyun ya wuce na farashi. Bravura faranti ɗaya ne yake tuƙa tantaninsa, kuma akwatin yana gyara sautin ta hanyar lissafin dijital kafin ya kai kunne, har sautin da ka shigo da shi daga na'urar faifai sai an mayar da shi dijital tukuna. Aperio yana tuƙa tantanin ta fuska biyu, yana barin sautin da ba na dijital ba a yadda ya zo, yana karɓar waƙa ta wayar intanet ta gida, kuma ana iya haɗa shi da manyan lasifikoki ya zama shi ne mai rage murya da ƙarawa. Cajin da suke ɗora wa tantani ya haura bolt 1,000, ninki biyu ko fiye na abin da sauran kamfanoni suke amfani da shi, saboda haka babu zancen haɗa su da kayan wani. A ganina Bravura shi ne ya fi dacewa da wanda yake son ya haɗa waya ɗaya da kwamfuta ya zauna ya saurara, ba tare da ya koyi sunayen amfilifayoyi ba. Wanda kuma yake da faifan garmaho da yake ji da su, ya san cewa Bravura zai bi da su ta dijital, ko ya yarda da hakan ko ya nemi wani.

Ɗaya ɓangaren na Stax ne. Wannan kamfanin Japan shi ya fitar da hedifon elektirostatik na farko, SR-1, a 1960, kuma tun 2011 yana hannun Edifier ta Sin. Muhimmancinsa a wannan lissafi shi ne fulogi mai ƙafa biyar da cajin bolt 580, wanda ya zama ma'aunin da wasu suka bi. Audeze CRBN da hedifon elektirostatik na Dan Clark Audio duk suna shiga amfilifayar Stax, haka kuma ƙananan maƙera irin HeadAmp, mai Blue Hawaii, suna ƙera amfilifaya don wannan fulogi. Stax tana sayar da ƙananan saiti a haɗe, ta kuma fitar da amfilifaya SRM-D50 mai DAC a ciki, amma manyan hedifon ɗinta, SR-009S na 2018 da SR-X9000 na 2021 mai kusan dala dubu 6, kai za ka nemo musu abokin zama. Nan ne wahalar take. Waɗannan manyan suna da cin wuta, ƙaramar amfilifaya takan bar su da siririyar murya da raunin amon ƙasa, sai mutum ya ɗauka laifin hedifon ne. Kuɗin amfilifayar da ta isa yakan kai na hedifon ɗin ko ya wuce.

Hifiman tana tsakiya. Shangri-La na dala dubu 50 yana zuwa da amfilifaya mai bawul 300B, amma babu DAC, don haka bai cika sunan komai a dunƙule ba. Shi da ƙaninsa Shangri-La Jr da Jade II fulogi irin na Stax suke amfani da shi. Akwai kuma Koss ESP/950 na Amurka, tsohon hannu tun 1990, da Shure KSE1500 mai shiga cikin kunne. Wannan na ƙarshe shi kaɗai ne a cikinsu yake toshe hayaniyar waje. Sauran duk bayansu a buɗe yake: na kusa da kai zai ji abin da kake ji, kai ma za ka ji janaretan maƙwabci.

To wanne? Ni ina karkata ga fulogin Stax ga yawancin masu saye, kuma dalilina na mallaka ne. Amfilifaya ta lalace, ka ari wata ka ci gaba. Ka gaji da muryar hedifon, ka sayar da shi kaɗai, masu nema suna da yawa. A rufaffen saiti kuwa, ƙaramin abu ya mutu a akwatin, komai ya tsaya har sai an aika shi Turai ya dawo, kuma ranar sayarwa sai ka samu mutum ɗaya mai son duka. Amma ba zan ƙi faɗin gaskiyar ɗaya gefen ba: injiniyan da ya san ainihin tantanin da amfilifayarsa za ta tuƙa yana iya daidaita su yadda mai haɗe-haɗe ba zai taɓa iyawa ba, kuma mutane da dama sun kashe fiye da kuɗin Aperio suna saye suna sayarwa ba su kai ga natsuwa ba.

Ga mai zama a Kano ko Zinder akwai abin da takardar talla ba za ta faɗa ba. Tantani mai caji yana jan ƙura, kuma ƙwayar ƙura ɗaya tsakaninsa da faranti ta isa ta kawo tsuwa ko ta sa kunne ɗaya ya fi ɗaya ƙara. Akwai siririyar rigar kariya a ciki, amma hazon hunturu ba abin wasa ba ne, sai da murfi ko akwati duk lokacin da aka ajiye. Da damina kuma laima takan sa cajin ya zurare, kuma ba a ɗora shi a kan jiƙaƙƙen gashi. Sai wuta. Kayan Stax da aka yi don kasuwar cikin Japan bolt 100 suke sha, tamu kuwa 230 ce, saboda haka arahar da aka gani a shagon Tokyo tana iya ƙarewa da hayaƙi idan babu taransifoma. Ka nemi wanda aka yi don wutarmu, ka sa masa sitabilaiza mai kyau ko inbata mai tsaftatacciyar wuta, ka kuma tambayi dillali ko garantin yana bin kayan idan sun bar ƙasar da aka saye su. Kuɗin jirgi da na kwastan na zuwa gyara da dawowa, ka sa su cikin lissafi tun kafin ka biya.