Sharhi: Makonni shida da magen roba mai gane kusantowar mutum

Na sayi kwalin kayan haɗa mage mai motsi ne saboda hoton da ke bayansa, wato 'yar mage ta roba wadda take juya kai, ta kaɗa wutsiya, ta kuma ɗaga hannu idan mutum ya matso kusa da ita. A cikin kwalin na tarar da allo irin na Arduino Uno, wato ƙaramin allon lantarki da ake loda wa umarni ya sarrafa na'urori, da sensa mai auna nisa samfurin HC-SR04, da ƙananan injinan sarbo, masu juya gaɓa zuwa kusurwar da aka umarce su, guda uku irin SG90 waɗanda ba su da tambarin kowane kamfani, sai sassan jikin magen, da wayoyi, da ɗan littafin bayani. Haɗa jikin bai ci mini fiye da yammaci ɗaya ba, domin ramukan kusoshi sun dace da juna, kuma zanen da ke cikin littafin a fili yake. A wannan ɓangare ban ga abin kushewa ba.

Allon ma bai ba ni wahala ba. Ƙwaƙwalwar da ke kansa, ATmega328P, tana gudu a megahaz 16, tana da kilobayit 32 na ajiye umarni da kilobayit 2 kacal na aikin nan take. Wanda ya saba da wayar hannu zai raina wannan, amma umarnin magen gaba ɗaya bai cika ko rabin wurin ba.

Matsala ta fara ne a lokacin da na bi littafin sau da ƙafa, na jona injinan uku a kan ƙafar bolt 5 ta allon, wuta kuma tana zuwa daga kwamfuta ta wayar USB. Da na kai hannu gaban magen, sai kai ya fara juyawa, wutsiya ta ɗan motsa, nan take komai ya tsaya, sannan kan ya fizgo ya koma tsakiya kamar wadda aka tsorata. Na yi kwana biyu ina zargin umarnin da na loda, ina gogewa ina sakewa, ashe laifin yana wani wuri dabam. Wayar USB ba ta ba allon fiye da miliamfiya 500, alhali kowane sarbo yana iya jan ɗaruruwan miliamfiya a daidai lokacin da ya tashi ko ya haɗu da abin da ya tokare shi, saboda haka idan uku suka yunƙura tare sai wuta ta faɗi, ƙwaƙwalwar ta mutu ta sake farkawa, ta mayar da injinan kan digiri 90 da suke farawa da shi. Maganin shi ne na ware wa injinan batura huɗu irin AA, waɗanda suke ba da bolt 6, na haɗa wayar nagetif ɗinsu da ta allon don su yi tarayya a nagetif ɗaya, na kuma sa kafasita, wato 'yar ma'ajiyar wuta da take cike giɓi idan wuta ta faɗi, mai maikirofarad 470 kusa da injinan. Tun daga wannan rana, fizgar ba ta dawo ba. Layi biyu sun isa a bayyana wannan a cikin littafin, kuma rashinsu shi ne babban aibin kayan a wurina, domin mai koyo da ya gamu da irin wannan zai ɗauka kansa ne bai ja ba.

Sensar ita ce ta fi burge ni, ko da yake tana da halinta. Bututunta biyu ne suka zama idanun magen, ɗaya yana fitar da sauti mai kilohaz 40 wanda kunnen mutum ba ya ji, ɗayan yana sauraron dawowarsa, sai a raba adadin maikirosakan da sautin ya yi a hanya da 58 a samu nisa a santimita. Idan na tsayar da littafi mai kauri a gabanta, awon yana fitowa daidai ƙwarai. Da na tsaya sanye da rigar sanyi mai laushi kuwa, sai lambobi suka riƙa tsalle daga 35 zuwa 200 su dawo, saboda tufafi masu laushi suna shanye sauti, abin da ya karkace kuma yana tura shi gefe. Na gyara wannan ta hanyar ɗaukar awo biyar a jere, da tazarar milisakan 60 a tsakaninsu, in jera su daga ƙarami zuwa babba, in zaɓi na tsakiya in watsar da sauran. Na kuma sa iyaka biyu maimakon ɗaya: magen tana farkawa idan mutum ya shigo cikin santimita 40, ba ta komawa barci sai ya wuce 55. Kafin haka, wanda ya tsaya a bakin iyaka yakan sa ta rawar ɗari.

Misalin umarnin da ya zo da kayan yana aiki, sai dai motsin da yake bayarwa na ƙarfe ne tsantsa, kai ya juya ya tsaya cak, sannan wutsiya ta karɓa. Dalilin shi ne an cika shi da delay(), wanda yake sa ƙwaƙwalwar ta zauna jiran lokaci ba tare da ta duba sensa ko ta taɓa wani inji ba. Da na sake rubuta shi da millis(), umarnin da yake faɗin lokacin da ya wuce ba tare da an tsaya jira ba, ta yadda kowace gaɓa take duba agogo ta yi nata ɗan taku a kowane milisakan 20, wanda shi ne tazarar saƙon da sarbo yake karɓa, sai kai da wutsiya suka fara tafiya tare. Daga nan na sa motsin ya fara a hankali, ya yi sauri a tsakiya, ya lafa a ƙarshe, na kuma ƙara ɗan jinkiri marar tsari kafin ta waiwaya. Wannan ɗan jinkirin, abin mamaki, shi ne ya sa wata baƙuwa ta ja da baya ta ce magen tana kallonta.

Ga yaro shi kaɗai ban ga kayan sun dace ba, sai da babba a gefe wanda ya san sha'anin wuta, amma wanda ya taɓa kunna ƙwan fitila ɗaya da Arduino zai samu abin yi na makonni. A mako na biyar ɗan ƙanena ya murɗe kan magen da hannu alhali tana kunne, haƙoran giyar roba na injin wuya suka zube, sai ƙara take yi kai ba ya motsi. Na maye gurbinsa da MG90S mai giyar ƙarfe, wanda ya shiga ramin bayan na ɗan goge gefe guda da fayil, na bar na wutsiya da na hannu yadda suke tunda ba su ɗaukar nauyi.