Wasiƙa daga Akra zuwa Tawa kan maganin Inna

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da jiki, da dukan mutanen gida. Saƙonka ya iso, cewa in riƙa sayen maganin sugan Inna da na hawan jini a nan Akra, ina ba direbobin motocin albasa in za su koma. Kafin mu yanke shawara, bari ka ji yadda abin yake a nan.

Gaskiya Gana ta riga mu a abu guda. Tun 2003 suke da inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, kuma ciwon suga da hawan jini suna ciki. Mai kati yana ganin likita, a auna shi, a ba shi metformin ko amlodipine bai sa hannu a aljihu ba. Ranar da na fara ganin haka, Inna na tuna, da yadda kake jujjuya takardar magani a farmasi kana lissafin wanda za a saya da wanda zai jira.

Amma da tattalin arziki ya karye a 2022, katin ya yi rauni. A farkon shekarar dalar Amurka ɗaya wajen sidi 6 ce na kuɗin Gana, kafin ƙarshenta ta haura 14, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamba. Yawancin magani daga waje yake zuwa, wanda ake haɗawa a nan ma da dala ake sayo kayan haɗinsa. Kuɗin inshora ya riƙa makara wajen isa asibitoci, dillalan magani suka ce ba bashi, sai kuɗi hannu. Sai ka je da katinka a ce maka babu, ka tafi waje ka saya.

A kasuwarmu ta albasa da ke Ajen Kotoku akwai wani dattijo, mutumin wajen Galmi, mai ciwon suga. Da magani ya yi tsada sai ya fara raba ƙwaya biyu, daga baya ya koma shan ta sai ranar da ya ji jiri. Tsinken awon suga kuwa ya daina saye gaba ɗaya. Wani ɗan rauni da ƙusa ta yi masa a ƙafa ya ƙi warkewa, har aka yanke masa yatsu biyu. Kuɗin da ya kashe a gadon asibiti ya isa maganin shekara. Abin da ke ci mini rai ke nan, Yaya. Mai zazzaɓi ana ganin yana rawar ɗari, a ruga da shi likita. Mai hawan jini yana zaune yana hira, sai a ce ai ya ji sauƙi, kuɗin maganinsa ya koma na hatsi.

Ku ma kun ɗanɗana naku bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta rufe iyakoki, magunguna suka yi wuya, Najeriya ta yanke wuta. An ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, amma da iyakar Benin a rufe, kaya sai sun zagayo ta Lome da Burkina. Duk da haka akwai inda kuka fi mu. Sefa a ɗaure take da yuro, farashin farmasi ba ya tsalle kowane mako kamar yadda muka gani a nan. Daga Satumban 2024 kuma an rage rabin kuɗin jinya a asibitocin gwamnati, an soke jika 150 da masu wankin ƙoda ke biya.

Don haka ni dai ban yarda a ɗoro magani a motar albasa ba. Ƙwaya ma ba ta son kwanaki cikin zafin mota, balle allurar insulin in likita ya mayar da Inna kanta. Zafi na kashe ƙarfinta ba tare da ido ya gane ba. Kuɗi zan riƙa aikowa farkon kowane wata, na magani daban da na cefane, kuma ina roƙonka don Allah kada a haɗa su ko da an shiga matsi. A saya a farmasi, ban da na masu talla a kan tebur cikin rana. Ka sayi na wata biyu a tare, ko da za a sake yankewar kaya.

Ka kai ta awo ranar da aka ba ta, ko da ta ce lafiyarta lau, ka san halin Inna da ƙin ɗora wa mutane nauyi. Da dare a duba mata tafin ƙafa da tsakanin yatsu. In an auna, ka ɗauki hoton takardar ka turo mini ta WhatsApp. Ka gaida Hajiya da yara.

Ƙanenka.