Metro ɗin Riyad: daga Manfuha zuwa Olaya babu zahama

Jama'a salamu alaikum. Ƴan uwa na gida suna ta tambaya ta wai jirgin nan na Riyad da ake nunawa a bidiyo da gaske yana da amfani ko ado ne kawai, to bari in faɗi abinda na gani da idona tunda ni kusan kullum shi nake hawa.

Ni a Manfuha nake zaune, aiki kuma a Olaya. Da can wallahi in ban fito da asuba ba sai zahama, wato cunkoson motoci, ta riƙe ni a hanya, ga kuɗin tasi, ga rana, ka isa wurin aiki ka riga ka gaji. Tun da aka buɗe layin shuɗi (kowane layin jirgin da launi ake kiransa) a 1 ga Disamba 2024 abin ya canza min, riyal 4 ne tikitin awa biyu, ni kam na wata nake saya riyal 140 a katin Darb, in ɗora kati ƙofa ta buɗe in wuce abina. Jirgin ba direba, da kansa yake tafiya, ranar farko a can gaba na tsaya ina kallon rami yana tahowa ina ta salati.

Amma abinda yafi burge ni ba sanyin AC bane ko tsaftar, hanyar da suka zaɓa ce. Duk wanda ya san Batha ya san wuri ne a matse, shaguna kan shaguna, masu canji, masu aika kuɗi gida, ƴan Indiya ƴan Bangaladash ƴan Sudan da mu, ranar Juma'a da yamma ko ƙafa da ƙyar kake ajiyewa. Da sun so sauƙi da sai su kewaye wurin su bi manyan titunan waje inda fili yake, sai basu yi haka ba, suka haƙa ƙasa suka bi ta ƙarƙashin Batha da Olaya, wato dai suka kai jirgin inda talaka yake zuwa. Aikin tun 2014 aka fara, shekara goma ana ta shingaye da karkatar da hanya, masu shago sun ji jiki, amma yau ka sauka ka hau bene sai ka ganka tsakiyar kasuwa. Har Jawazat, wato ofishin fasfo da shige da fice, tana da tasharta a layin, mai ikama (takardar zama a ƙasa) ya san darajar wannan.

Tashar Kasrul Hukum ma nan ne shuɗi ya haɗu da layin lemo, ka fito ga tsohuwar fadar Masmak ga kasuwar Sukul Zal a kusa. A tashar STC kuma zaka canza zuwa layin ja, a tashar KAFD, wato unguwar hada-hadar kuɗi ta Sarki Abdullah, ka kama layin rawaya zuwa filin jirgi. Layi 6 ne gaba ɗaya, tasha 85, kilomita 176. Kowa KAFD yake ɗauka a hoto saboda zanen shahararriyar mai zanen gine-gine Zaha Hadid, tayi kyau gaskiya, ni dai ta Batha tafi min amfani.

Akwai ɓangaren iyali daban, don haka mai ɗakina tana zuwa kasuwa da yara hankalina kwance, wannan ba ƙaramin abu bane a wurina.

Inda matsalar take shine Riyad gari ne da aka gina don mota, unguwanni a warwatse, in gidanka baya kusa da tasha to a watan Yuli tafiyar minti goma da ƙafa ma jarrabawa ce. Akwai bas da ke haɗawa kuma tikitin ɗaya ne, amma wani abokina a can gefen gari har yanzu sai ya hau mota kafin ya kai tasha. Da safe da bayan la'asar kuma ɓangaren maza yana cika sosai, tsayuwa zaka yi.

Wanda zai zo Riyad ya nemi masauki kusa da layin shuɗi, ya sayi tikitin kwana 3 riyal 20, ya ishe shi yawo.