Ban Ruwa ko Rufin Leda: Wanne Ya Fi wa Sabon Kankare?

Masu gini a Gombe sun sha tambayata: in an zuba dekin, a yi ta ba shi ruwa ne ko a lulluɓe shi da leda?

Kankare ba bushewa ke ƙarfafa shi ba. Siminti ne ke haɗuwa da ruwa ya kama yashi da tsakuwa, a hankali, ya samu yawancin ƙarfinsa cikin kusan kwana 28. Haka yake tun zamanin Romawa da ke cuɗa farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta, haka simintin da Joseph Aspdin ya yi wa rajista a Ingila a 1824, haka na Ashaka.

Ban ruwa ya fi inganci, domin yana sanyaya dekin a zafin Afrilu. Amma yana son aƙalla kwana 7 ba fashi. Wanda ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa zai ji a aljihunsa, kuma lebura ya yi latti rana ɗaya a hunturu, sai ka ga saman ya tsattsage kamar busasshiyar fadama.

Leda kuwa sau ɗaya za ka saya. Ka jiƙa, ka rufe, ka danne gefuna da bulo. Matsalarta iska: ta ɗaga kusurwa ɗaya, wurin ya bushe ba wanda ya sani. Ledar kuma takan bar tabo.

Mai rijiyar burtsatse da amintaccen mai gadi, ya yi ban ruwa. Wanda filinsa ke bayan gari, ruwa sai an kira tanka, leda ta fi masa, musamman a ginshiƙai.