Rigunan tuna baya na hatsabiban 'yan ƙwallo: wacce ta cancanci kuɗinta?

Rigunan tsoffin 'yan wasa iri uku ne a kasuwa: na asali da aka ɗinka a wancan zamanin, waɗanda kamfani ya sake fitarwa da lasisi, sai jabu. Na hatsabibai su suka fi ciniki, kuma a kansu aka fi cutar mai saye, don yawanci ya san labarin ɗan wasan amma bai san rigar ba.

A fara da shuɗiyar rigar Ajantina ta gasar cin kofin duniya ta 1986. A Meziko, koci Carlos Bilardo ya ga rigar da suka zo da ita ta yi nauyi ga zafin rana, sai aka tura jami'i cikin gari ya sayo wasu masu tambarin Le Coq Sportif a shago. Aka ɗinka bajo cikin gaggawa, aka manna lambobi masu ruwan azurfa da dutsen guga. Cikinta Maradona ya ci Ingila da hannu ranar 22 ga Yuni, bayan minti huɗu ya yanke 'yan wasa biyar ya ƙara. Steve Hodge, ɗan wasan Ingila wanda suka yi musayar riga da shi, ya sayar da ita a 2022 kan fam miliyan 7.1. Kwafin kirki zai zo da lamba 10 mai ƙyalli, bayan riga babu suna. In ka ga an rubuta Maradona, ajiye musu kayansu, domin sai a 1994 aka fara sa suna a riga a gasar cin kofin duniya. Haka rigarsa ta Napoli mai tallan Buitoni ko Mars: ya bar kulob ɗin a 1991, Serie A kuwa ba ta fara sa suna ba sai 1995.

Baƙar rigar Manchester United ta Umbro, mai tallan Sharp, ita ce a jikin Cantona ranar 25 ga Janairu 1995, da ya tashi sama ya shuri wani ɗan kallo a Selhurst Park, ya sha dakatarwar wata takwas. A nan ganin suna a bayan riga daidai ne, tunda Firimiya ta fara sa shi a kakar 1993-94. Abin dubawa shi ne kwala, don da ita a ɗage aka san Cantona. Ɗaga ta ka sake. In ta faɗi nan take, saƙar ba ta da ƙwari, wanki biyu za ta lanƙwashe. Rigar Cantona da kwala a kwance kuwa, me aka saya?

Wadda ta fi jure yau da gobe ita ce ta Jorge Campos, golan Meziko a 1994, wanda ke zana rigunansa da kansa, wani lokacin ma ya ajiye safar hannu ya koma ɗan gaba a kulob ɗinsa Pumas. Launukanta masu kashe ido rine suke cikin yadin, babu abin ɓarewa. Sai dai ɗinkin shekarun 1990 burmeme ne, a auna faɗin ƙirji daga hammata zuwa hammata, kada a dogara da harafin da ke wuya.

Ta Balotelli mai rubutun "Why Always Me?" (Me ya sa kullum ni?), wadda ya nuna a Old Trafford a Oktoban 2011 bayan wasan wuta a banɗaki ya ƙona masa gida, singileti ce kawai da rubutu. Kowane mai buga riga zai yi maka ita, ba ta kai a biya ta da tsada ba.

Rubutun da aka manna da zafi shi ke fara mutuwa, saboda zafi ke narkar da gam ɗinsa. A juya rigar ciki waje, a wanke da ruwan da bai wuce digiri 30 ba, a shanya a inuwa. Kada guga ta taɓa lamba, kada kuma a ninke rigar lamba na fuskantar lamba, don suna mannewa su yage.