Gyaran tsohon gida a Jos: wane kwano, wane yaɓe, kuma me za a fara saya?

Duk wanda ya gaji gida a Gangare, ko ya sayi tsohon gini a Unguwar Rogo ko Bukuru, shawarar farko da yake samu daga dangi ita ce a shafa fenti, a shimfiɗa tayil. Su ne ido ke gani. Amma abin da ke cin gida a Jos ruwa ne. Garin na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ruwan da ke sauka a shekara yakan kai wajen milimita 1,400, daga Afrilu har Oktoba, wani lokacin ma da ƙanƙara. Don haka kuɗinka na farko ya tafi wurare biyu da ruwa ke bi ya shiga, wato rufi da gindin bango.

Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, ka tabbata ginin ya cancanci gyara. Tsagewar da ba ta wuce silin gashi ba, wadda ke kan filasta kawai, ba ta da wani nauyi. Wadda za ta sa ka tsaya ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga zuwa ƙasa, musamman in yatsa na shiga. Ka manna ɗan siminti a kanta, ka rubuta kwanan wata a gefe, ka bar shi makonni. In ya sake tsagewa, harsashin ginin na motsi ne, kuma wannan aikin injiniya ne, ya fi ƙarfin birkila. A ɓangaren Bukuru da Rayfield, inda aka daɗe ana haƙar kuza, akwai filayen da tsofaffin ramuka ne aka cike, sai a ƙara lura. In kuma kana da niyyar ɗora bene ko sauya fasalin ginin, sai ka nemi izinin hukumar raya birnin Jos, wato JMDB, tukuna. Gidan gado kuwa, kada ka zuba ko sisi sai magada sun amince a rubuce, da shaidu. Na ga inda gyara ya ƙare, sannan rabon gado ya taso.

To, rufi. Zaɓi uku ne a gabanka, kuma kowanne da mai son sa.

Kwano na gargajiya, wanda ake sayarwa a bandir mai falle 20, shi ne mafi araha, kuma kowane kafinta ya iya shi. In falle ɗaya ya lalace, a cire a sa wani, shi ke nan. Matsalar ita ce kwanon yanzu ba irin wanda kakanninmu suka rufa gida da shi ba ne. Akwai wanda in ka ɗaga falle ɗaya sai ka ji kamar gwangwanin madara. Irin wannan damina kaɗan zai gani ya fara tsatsa, daga bakin ƙusa da wuraren da falle ya hau falle. Wanda aljihunsa bai wuce kwano ba ya nemi mai kauri, ko da zai rufa rabin gida bana, rabi baɗi.

Alminiyom mai dogon zango ba ya tsatsa, kuma ana yanka shi daidai tsawon rufinka, daga ƙololuwa har baki, babu mahaɗa a tsakiya da ruwa zai bi. A nan kauri ne magana: akwai 0.45, akwai 0.55, akwai 0.7 na milimita. Mai 0.45 ƙanƙara na lotsa shi, kafinta ma in ya taka sai ya bar sawu. Kuma abin da aka rubuta a rasit ba lallai shi aka ɗora maka a mota ba. Ka tafi da wanda ke da ma'aunin kauri, a auna a gabanka kafin ka biya. Ƙusar ma tasa daban ce, mai roba a kai. In aka buga masa ƙusar ƙarfe ta kwano, wurin zai riƙa cinyewa a hankali har ya fara yoyo.

Na ukun shi ne rufin nan mai yashin dutse a jiki, wanda ake yayi a sababbin unguwanni. Yana da kyan gani, kuma ruwa ko ƙanƙara ba sa cika maka kunne da ƙara. Sai dai yana son rufi mai tsayi, yana cin katako da yawa domin ana jera masa sanduna kusa da kusa, ga jabunsa ya cika kasuwa, wanda yashin ke zubewa ya toshe indararo. Babbar damuwata da shi a kan tsohon gida ita ce dogon rufi na tare iska, tsohon bangon da ba a ɗaure samansa da kankare da rodi ba kuwa ba zai riƙe shi ba ranar da hadari ya taso da gaske.

In ni aka tambaya, ga yawancin tsofaffin gidajen cikin gari, alminiyom mai 0.55 ya wadatar. Amma ko wanne ka zaɓa, ka bar bakin rufin ya zarce bango da aƙalla ƙafa 2. Wannan salon na ɓoye rufi a bayan ɗan bango, a ce gida ya yi kama da na Abuja, bai dace da tsohon gini ba ko kaɗan, domin ruwan da ya kamata ya zuba nesa sai ya riƙa kwanciya a kan bango.

Katakon da ke ƙarƙashi ma sai an duba. Ka soka masa sukundireba. In ta shige, gara ta gama da shi. A kasuwar Katako ka zaɓi busasshe, don ɗanye yana murɗewa in ya bushe a sama, sannan a shafe shi da maganin gara kafin a ɗora. Idan kuwa ka tarar da tsohuwar azara lafiyayya, kada ka bari a ruɗe ka a cire ta. Sau da yawa ta fi sabon katakon da za a kawo maka ƙwari.

Gidaje da dama na shekarun 1960 zuwa 1980 suna da rufi ko silin na asbestos. Muddin yana zaune lafiya bai farfashe ba, haɗarinsa kaɗan ne. Ƙurarsa ce guba, tana maƙalewa a huhu, bayan shekaru masu yawa ta jawo ciwon huhu har da daji. In za a sauke shi, a jiƙa shi da ruwa, a kwance shi falle-falle, kada a yanka, kada a fasa, masu aikin su rufe hanci da baki da abin kariya na gaske, yara kuma su yi nesa.

Sai bango, inda ni kaina na tafka asara. Gidanmu na tubali ne, na sa aka yi masa filastar siminti mai kauri ciki da waje. Damina biyu kacal, sai na ƙwanƙwasa na ji yana amsawa kamar ganga, ta uku kuwa wani ɓangare ya ɓanɓaro gaba ɗaya, ƙasar da ke ciki jiƙe sharkaf. Na je na ɗauko wani tsohon magini a unguwarmu. Ya shafa bangon, ya ce, "Ɗana, wa ya ba ka wannan shawara? Ƙasa numfashi take yi. Kun toshe mata hanci." Na ce, "Baba, ai na ɗauka siminti ya fi ƙarfi." Ya ce ƙarfin ne matsalar. Bangon ƙasa yana shan danshi daga ƙasa ya fitar ta jikinsa, siminti kuwa ya tsare danshin a ciki, ga shi ba sa kumbura ko tsukewa tare, dole su rabu.

Don haka a bangon tubali, yaɓen ƙasa da makuba shi ne ya fi dacewa da jikinsa, illarsa kawai sai an riƙa sabunta shi, kuma masu iya shi sun yi ƙaranci. Mai son ganin yadda aikin yake in an yi shi da kyau ya leƙa harabar gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, inda aka gina kwatankwacin tsohon masallacin Zariya da ganuwar Kano da ƙasa. Tsaka-tsaki shi ne haɗin farar ƙasa da yashi, da ɗan siminti kaɗan, wanda ke barin danshi ya fita. In kuwa lallai sai siminti, to a buga ragar waya a bangon tukuna don ya samu abin kamawa, kada a yi shi da kauri, kuma a guji fentin mai a kansa. Ko wane yaɓe ka zaɓa, ka zagaye gindin bango da dutse kamar tsawon gwiwa, ka yi daɓe mai gangara da zai kore ruwa zuwa kwata. Dutse dai ba abin nema ba ne a Jos. Gidan bulo ba shi da wannan rigima, filastar siminti ce tasa, sai dai a kankare tsohuwar da ta rube kafin a sa sabuwa.

Ka tambayi mai tifa daga ina ya ɗebo yashi. Wanda aka kwaso daga tarin ragowar wankin kuza yakan ƙunshi ma'adinai masu fitar da tururin nukiliya, bai kamata a shafe ɗakin kwana da shi ba. Yashin rafi ka nema.

Silin ba ya buƙatar dogon bayani. POP, wato silin da ake yi da farin garin filasta, ya fi kyau, kuma ya fi tsare sanyin Disamba, amma ɗigo ɗaya ya ishe shi ya yi tabo, don haka sai rufi ya ga damina guda lafiya kafin ka sa. Na roba ba ruwansa da yoyo, ya fi araha, sai dai in wuta ta kama narkewa yake yi. Tsohon wayarin kuwa a sauya shi gaba ɗaya tun kafin filasta: wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 1.5 don ƙwan fitila, 2.5 don soket, mafi kauri don na'urar dumama ruwa, wadda a Jos ba alatu ba ce. Bututun ƙarfe da ya yi tsatsa a maye shi da na roba, na ruwan zafi a sa na roba mai jure zafi, wanda ake kira PPR.

Wajen ma'aikata, ni na fi son jinga a kan biyan yini, amma a yi ta mataki-mataki: rufi da kuɗinsa, filasta da kuɗinta, kuma kai ka sayo kayanka da kanka bayan ka ji farashi a shaguna uku. Lokacin aiki daga Nuwamba ne zuwa Maris. Sai dai iskar hunturu na busar da filasta kafin ta kama, ta bar ta da tsage-tsage, saboda haka ka sa yaro ya riƙa yayyafa mata ruwa safe da yamma har kwana 7.