Yuriya mai rigar roba: taki ya tafi, riga ta zauna

Gajiya ce ta kai ni ga wannan taki. Yuriya ta yau da kullum tana da ƙarfi, kashi 46 cikin 100 na nauyinta naitirojin ne, sinadarin da shuka ke buƙata don girma, amma ba ta da zama. In ka barbaɗa ta a sama rana ta buga, wani kaso ya bi iska a matsayin amoniya. In ban-ruwa ya yi yawa, wani ya gangara inda saiwa ba ta kaiwa. Sai na sayi irin wadda aka naɗe kowace ƙwaya da siririyar rigar roba. Danshi ne ke ratsa rigar, ya narkar da abin da ke ciki, ya riƙa tsattsafowa kaɗan-kaɗan.

Gaskiya ta yi aiki. Zubi ɗaya ya ɗauke ni watanni, ganye ya yi kore shar, ba shukar da ta ƙone. Aibinta a wannan fanni ɗaya ne: da zafi ya tsananta sai ta saki takin da wuri.

A shekara ta biyu ne, ina juye ƙasar tukwanen shuka, na ga wasu ƴan dunƙule-dunƙule birjik. Na ɗauka ƙwan kwari ne, har na fara tsince su da ƙyama. Da na matse ɗaya sai ya lotse, fanko. Rigunan bara ne, ba su ruɓe ba ko kaɗan. Masana na kiran duk ɓarɓashin robar da bai kai milimita 5 ba ƙananan robobi masu gurɓata muhalli, ƙwayar wannan taki kuwa tun daga buhu ba ta kai haka ba. Wato da hannuna na shuka su.

Abin da ya fi damuna shi ne inda suke kwance. Ƙwayoyin bakteriya ne ke sarrafa naitirojin a ƙasa. Wasu su mayar da yuriya amoniyam, irin su Nitrosomonas da Nitrobacter su kai shi ga naitiret, nau'in naitirojin da saiwa ke sha cikin sauƙi, kuma wannan mataki sai da iskar oksijin. Inda iska ta yi ƙaranci, wasu ne ke karɓar aikin, su mayar da naitiret ɗin iska ya gudu, har da naitiros oksaid mai ɗumama duniya fiye da kabon dayoksaid sau 270 da wani abu. Ɓarɓashin roba na sauya ƙofofin da ruwa da iska ke bi cikin ƙasa, bakteriya kuma na manne masa su yi sansani. Ɓangaren da ma'auni zai karkata tsakanin masu samar da naitiret da masu ɓatar da shi ya danganta da irin robar, yawanta da irin ƙasar. Hatta roba mai ruɓewa tana da nata: bakteriya na cin kabon ɗinta su hayayyafa, su riƙe naitirojin ɗin da shuka ke jira.

Ashe ba ni kaɗai na gani ba. A Japan ana tsintar irin waɗannan ɓawo a gaɓar teku, ruwan gonakin shinkafa ya kwaso su. Tarayyar Turai ma a 2023 ta kafa dokar taƙaita ƙananan robobin da ake sawa cikin kaya da gangan. Buhun da na saya bai ce uffan ba kan makomar rigar, kuma nan ne na rage masa maki.

Yanzu a tukwane kawai nake amfani da ragowar, don can ina iya tankaɗe ƙasar in kwashe ɓawon. A filin lambu na koma yuriya ta yau da kullum, ina raba ta zubi uku, ina binnewa. Na duba yuriya mai rufin farar wuta, sai na tarar wasu nau'o'inta ma da shafen roba a sama, na mayar da buhun inda na ɗauko shi.